Jan Tabo a Farar Hula

Gara in faɗa da bakina tun daga farko, kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Wawa sosai kuwa, irin mai furfura da tabarau, wanda yara ke rusuna wa in za su gaishe shi. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, saboda haka duk wanda ya ga rubutun nan ya karkace sai ya yi haƙuri, hannun da ya saba da sukundireba ne ya riƙe biro.

Sana'ata gyaran rediyo. Ko in ce ita ce sana'ata a da, don yanzu kowa rediyonsa na cikin wayarsa, abin da ya rage mini sai cajin waya da 'yan tsofaffi irina da suka ƙi rabuwa da akwatinsu. Shagona yana unguwar Limanti, jikin wani gida, kuma a zauren gidan ne mutumin da zan ba da labarinsa yake wankin hula. Gidan nasa ne, a hannunsa na kama shagon tun muna samari. Shi Babarbare ne gaba da baya, har da zane a fuska. Ni kuwa Bafulatani ne, wai. Kakana fatauci ya kawo shi nan Yerwa, babban birnin Barno, daga wajen Kano, ba mu da saniya ko ta hoto, Fulatancina bai wuce gaisuwa ba, ita ma in aka amsa da tsawo sai in kama tari.

Amma wannan bai hana komai ba. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowane ɓangare na cewa ɗayan bawansa ne, a zagi juna son rai, ba a fushi. Abu ɗaya ne ba a yafewa: a jefe ka da magana ka yi shiru. Wanda ya yi shiru ya faɗi, kuma 'yan majalisa za su yi ta tuna masa har sai wani ya faɗi a bayansa. Shi yana kirana Fulata, yadda suke kiranmu da bakinsu. Ni ina kiransa bawan gidanmu. Na tabbata akwai yaran unguwa da suka girma suka yi aure ba su san sunayenmu na yanka ba.

Kowa da makaminsa. Shi nasa saurin baki. Ni nawa fuska. Allah ya ba ni fuskar da ba ta motsi, in shirga ƙarya ina kallon mutum kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Sannan ga rediyo a bayana. Da na ce "yanzu na ji a rediyo," magana ta zauna, don wa zai yi musu da mutumin da ke kwana cikin rediyo? Na taɓa ce masa an sanar gwamnati ta hana garin taba, ana bi gida-gida. Mutumin nan ya haƙa rami a ƙarƙashin randa ya binne gwangwaninsa, ya wuni yana hamma yana zagin gwamnati a hankali. Wata rana kuma na ce wani attajiri a unguwar Shehuri zai aurar da 'ya'yansa, yana cigiyar gwanin wankin hula. Ya saka babbar riga, ya taka a cikin ranar nan tamu mai narka kwalta, ya dawo wujiga-wujiga ya same ni ina shan shayi da kofinsa. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Fulata, daga yau ko gobara ka ce ta kama rigata, sai na ji zafi zan duba." Muka yi dariya. Na ɗauki maganar nan a matsayin lambar yabo.

Bari in faɗi yadda yake aikinsa, don a nan abin ya fito. In ya wanke hula ya sa mata sitaci, sai ya ɗora ta a kan katako mai siffar kan mutum, ya shanya. In ta bushe, sai ya guntsi ruwa a baki ya fesa mata, feshi mai laushi kamar raɓa, sannan ya ɗauki 'yar gudumarsa ta itace ya yi ta bugu har zaren ya kwanta, hular ta ɗau ƙyalli. Yaran yanzu da gorar feshi suke yi. Shi ya ce hular da ba ta sha numfashin mai wankinta ba, ba ta zama a kai. Tsakanin wannan hula da waccan kuma sai ya buɗe gwangwani, ya ɗebo garin taba da aka haɗa da kanwa, ya cusa tsakanin leɓe da dasashi, kullum gefen hagu. Kafin feshi ya kurkure, bayan feshi ya mayar. Ga goro. Haka na san shi tun gashinmu na baƙi.

Matarsa kuwa, wadda nake kira Ya, yadda ake kiran manyan mata a nan, ba ta cika fitowa zaure ba. Sai dai labulen da ke tsakanin zauren da tsakar gida ba shi da kauri, kuma kunnenta ya fi duk rediyon da na taɓa gyarawa kama tasha. Wani lokaci muna cikin cacar baki sai ka ji murya daga ciki ta jefo wa mijinta amsar da ta ɓace masa. Na sha kai ƙara cewa wannan maguɗi ne.

Wata rana da sanyi-sanyi, bayan La'asar, ya leƙo shagona ya ce, "Fulata, kai da ka yi boko, zo ka duba mini wani abu." Muka shiga zaure, ya ja leɓensa ƙasa. A daidai inda yake ajiye taba akwai wani farin tabo, tsakiyarsa ya ɗan fashe, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ce ya kwana biyu, ba ya ciwo sosai, amma ya ƙi tafiya.

Na saka tabarau. Na ɗauko 'yar tocilan da nake haska cikin rediyo. Na ce ya ce "aa." Na duba dama, na duba hagu, na girgiza kai, na yi ajiyar zuciya irin ta manyan likitoci.

Ya ce, "Mene ne?"

Na ce, "Wannan cuta na san ta. Sunanta zagin iyayengiji. Tana kama bakin bawan da ya raina Fulani."

"Maganinta fa, Dakta?"

"Nonon saniyar Bafulatani. A durƙushe ake sha."

Ya ce, "Wace saniyar? Wadda kuka bari a Kano tun kafin a haifi Bature?"

Muka tuntsire. Da zan fita na ce ya riƙa kurkurewa da ruwan gishiri mai ɗumi, ya tauna kanumfari. Wannan ita ce shawarar likita ta farko da ya samu, kuma daga mai gyaran rediyo ta fito.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Mutumin da ke cin bandar kifin Baga har da ƙaya ya fara ture kwano. Burabusko ya koma jiƙa shi da miya har ya zama kamar kunu, daga baya ya koma kunun kansa. Na ce rowa ce, tarin amarya yake yi. Ya daina goro, na ce Barebari sun talauce. Tabar ma ya mayar da ita gefen dama, na ce ɗan haya ya tashi daga ɗaki ya koma wani. Kowace alama da Allah ya nuna mini, sai da na yi mata riga da wando na kai majalisa aka yi dariya. Har kaskon turaren wuta da Ya ta fara turo wa zaure da rana tsaka, na ce tsohuwa ta tuna amarci. Matan Barno da turare ba a raba su, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Sai daga baya na gane wari take rufewa, don kada masu kawo hula su ji.

Abin da ya farkar da ni wata farar hula ce. Wani dattijo ya dawo da ita rai a ɓace, ya ce a duba abin da aka yi masa. A saman hular akwai ɗigo-ɗigo ja-ja, ƙanana, a warwatse yadda feshi ke sauka. Abokina ya karɓa da sauri ya ce goro ne, a yi haƙuri, zai sake wankewa. Ni ina daga bakin ƙofa, har na buɗe baki zan ce Babarbare ya fara yi wa huluna lalle. Sai na tuna wani abu. Rabon mutumin nan da goro tun kafin azumi.

Na koma shago na zauna. A aikina na sha jin likitoci suna magana a shirye-shiryen lafiya, amma ni ba saurare nake ba, ji nake ko sautin ya fita tas ko akwai shuu. Ashe kunne yana ajiya ko mai shi bai sa shi ba. Ranar nan sai maganganun suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya: gyambon baki da ya ƙi warkewa, masu cusa taba a leɓe, jini ba dalili, kumburi a wuya, da cewa in an je da wuri ana samun sa'a. Na tuna kwanan nan yana yawan naɗa ƙyalle a wuya, a cikin zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake.

Washegari da hantsi, lokacin da majalisa ba kowa, na shiga zauren na zauna a gabansa. Yana bugun hula, a hankali, ba irin bugunsa na da ba.

Na ce, "Ina da magana."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wane attajirin ne kuma zai aurar da 'ya'ya?"

"Abin da ke bakinka. Ina so mu je babban asibiti. Yau."

"A rediyo ka ji?"

Na ce, "A rediyo na ji."

Ya yi 'yar dariya ta gefen baki, don ita kaɗai ta rage masa. Ya ce, "Ka ga fuskar nan taka? Ita ce dai ta ranar Shehuri. Ko gashin gira ba ka canza ba."

To me zan yi? Fuska ɗaya gare ni. Wadda nake ƙarya da ita, ita ce wadda nake gaskiya da ita. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tsakanina da shi. A wasanmu ana rantsuwa da shanun da babu, da kabarin jaki, da rawanin kaka, amma ba a sa sunan Allah. Na ce, "Wallahi tallahi ba wasa nake ba. Na ga hular jiya. Ba goro ba ne."

Gudumar ta tsaya. Ya ajiye ta a kan tabarma. Ya sa hannu ya warware ƙyallen wuyansa, ya nuna mini. Wani ƙullutu ne ƙarƙashin muƙamuƙi, kamar an cusa goriba ƙarama a cikin fata.

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "An ce ciwon daji ne. Wani mai magani ya faɗa mini, yana ba ni na shafawa. Ya ce abin nan ba ya son ƙarfe. In aka taɓa shi da wuƙa ko allura, haukacewa yake ya bi jiki."

Ashe ya san sunan abin tun kafin ni. Na ce wannan zancen mutane ne, su likitocin da ke aikin kullum ai sun fi mu sani, kuma ba shi kaɗai ba ne, tare za mu je, in allura ce a fara yi mini. Na ce ya tashi in tsayar mana da Keke Napep yanzu-yanzu, shago ya rufe kansa.

Ya dubi takalmansa da ke bakin tabarma. Wannan ba zan manta ba har a sa ni a rami. Ya miƙa ƙafar dama, babban yatsansa ya shiga cikin takalmin. Hannunsa ɗaya ya dafa ƙasa zai yunƙura. Sai ya tsaya, ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce:

"Na gano ka, Fulata. So kake su yanka ni ka gaje gidan da matar. Bawa dai ba ya rabuwa da kwaɗayin kayan ubangijinsa."

Jama'a, ba kowa a zauren nan. Babu ɗan majalisa ko ɗaya da zai ce na faɗi. Abin da ake bukata a wurina kawai in haɗiye, in ce "na ji, sa ɗaya takalmin." Amma an jefo mini magana, kuma amsarta ta zo mini a kan harshe cikakkiya, mai kyau, irin wadda mutum ke samu sau ɗaya a shekara. Kafin in san abin da nake, na ji bakina yana cewa:

"Matar da ta sha wahalar Babarbare har ta rankwafa? Ko an haɗa mini da akuya ba na so. Gidan dai zan duba, in an wanke shi."

Ya fashe da dariya yana riƙe da muƙamuƙi, hawaye na zuba. Ni ma na yi. Na yi sosai, har da buga cinya, don wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina, na ga mun koma yadda muka saba. Muna cikin dariyar ya janye ƙafarsa daga takalmin, ya mayar da ƙyallen wuya, ya ɗauki guduma. Daga bayan labule kuwa, ranar ba a jefo komai ba.

Na sake tayar da maganar bayan nan, ba sau ɗaya ba. Amma na riga na ba shi ƙofar fita. Da na buɗe baki sai ya ce, "Ga magajin gida ya zo duba katanga." In akwai mutane su yi dariya, ni kuma in rama. Na yi tunanin kiran babban ɗansa da ke aiki a wani gari, sai na ga kamar kai ƙarar uba wurin ɗa ne, abin kunya. Na ce wa kaina ai na faɗa, har da rantsuwa, na fita haƙƙinsa. Da wannan na riƙa rufe shago ina tafiya gida.

Babbar Sallah ce ta tona mu. Ɗan ya zo hutu, aka kawo wa uban soyayyar hanta, bakin ya ƙi buɗuwa yadda ko yatsa zai shiga. Yaron nan ba ya wasa da kowa. Bai yi shawara ba, bai nemi izini ba, ya ɗauki ubansa ya sa a mota, sai asibiti. Na bi su, ba wanda ya gayyace ni.

Bayan an ɗebi ɗan nama daga gyambon an auna, likitan ya tara mu ya tambaya tun yaushe abin ya fara. Ɗan ya ce shi bai sani ba. Abokina ya ɗaga hannu ya nuna ni, ya yi magana da ƙyar, kalmomin na fita a dunƙule: "Tambayi Fulata. Shi ne likitana na farko." Har a nan bai bari ba. Na ce tun sanyin da ya wuce. Likitan ya ce lokacin yaya girmansa? Na ce kamar ƙwayar shinkafa. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dai cire tabarau ya murza ido, ya juya wajen ɗan ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma abin ya riga ya sauka wuya.

Sun yi ƙoƙarin kuwa. An cire wani sashe na muƙamuƙin, aka sa masa robar abinci ta hanci, aka yi ta zirga-zirgar zuwa gasa ciwon da na'ura. Ƙarfen da yake tsoro bai haukatar da komai ba, ya ma ba shi 'yan watanni na sauƙi. Ya dawo gida da rawani naɗe har haɓa. Kullum ina shiga in zauna a gefensa. Katakan hulunan nan suna jere a jikin bango, kawuna ba huluna, kamar majalisar masu sanƙo. A da, da na yi wata guda ina cin abinci da wannan maganar. Yanzu sai in ce "ya jiki," ya ɗaga kai, in ce "Allah ya ƙara sauƙi." Wani lokaci ya zungure ni da ƙafa, yana kallona, na san so yake in tsokane shi. In lalubi cikina in rasa ko ɗaya. Lokacin da ya kamata in yi shiru na yi magana, lokacin da yake bukatar maganar kuma ta ƙafe. Ya rasu da farkon damina, ranar da aka yi ruwan da ya kwantar da zafi.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na ce bari in yi wa Ya gaisuwa ta musamman. Tana takaba, saboda haka a zaure na tsaya, ita tana bayan labulen nan dai. Na yi sallama ta amsa. Na yi mata ya haƙuri, ta ce da godiya. Na yi wa mamaci addu'a, ta ce amin. A nan ya kamata in sa takalmina. Amma akwai abin da ke cina, ina so wani ya sauke mini shi, kuma na ga ba wanda ya fi ta.

Na gyara murya na ce, "Ya, Allah ne shaida, ni dai na faɗa masa. A nan wurin, a kan tabarmar nan. Har rantsuwa na yi. Shi ne ya mayar da abin wasa, ya yi ta dariya."

Labulen bai motsa ba. Sai muryar ta fito, a kwance, ba kuka a cikinta.

"Ina nan tsaye ranar, Fulata, da mayafina a hannu, ina jira ya sa ɗaya takalmin in biyo ku. Shi tsoro ne ya sa shi dariya. Kai me ya sa ka yi taka dariyar?"